Bango Huɗu Ba Rufi

Ranar da Lauratu ta ɗauki Hajiya Husaina a adaidaita ta kai ta ganin gininta, ranar ta jawo wa kanta abin da ta jawo. Ita kuwa baiwar Allah, a ranta ladabi ta yi.

Ai haka aka tashe mu a cikin gari. In Allah ya yi maka buɗi ba ka ɓoye wa babba, kai shi za ka yi ya gani da idonsa, ya sa albarka. Lauratu kuwa ba ta da wani babba a Kano da ya wuce Hajiya. Shekara shida tana haya a gidanta a Mandawari, ciki da falo a sashen baya, ita da 'ya'yanta mata biyu, tun bayan rasuwar mijinta. Ita ke yi wa Hajiya kitso, ita ke matsa mata ƙafa in ciwon gwiwa ya tashi, in ta yi ɗanwake kwanon Hajiya ake fara zubawa. Da yawa a unguwar sun ɗauka 'yar gidan ce.

Sana'arta ɗaurin rini. Marina na Ƙofar Mata su aiko mata da farin yadi, ta zauna ta ƙulle shi da zare, ƙulli-ƙulli har ɗari da wani abu a zane ɗaya, su kai su tsoma a baba, su dawo mata da shi ta kwance, sai ka ga ado ya fito kamar an zana. Hannunta kullum shuɗi. Da wannan hannun ta yi ta zubin adashi, shekara da shekaru, har ta sayi rabin fili awon igiya can gaba da Bacirawa, ta sa magini Malam Nata'ala ya tayar mata da ɗaki ɗaya na bulon ƙasa, da ɗan makewayi. An buga katako a sama. Kwano kaɗai ya rage.

Da suka sauka, Hajiya ta dafa sandarta ta tsaya tana kallo.

"Nan ɗin duk naki ne, Laure?"

"Daga wannan turken zuwa waccan dalbejiyar, Hajiya."

"Ke kaɗai? Ba dangin marigayi a ciki?"

"Ni kaɗai. Ga ma takardar, na zo da ita ki sa mata albarka."

Hajiya ba ta karanta boko. Ta karɓa, ta juya gaba ta juya baya, ta ce a nuna mata inda sunan yake. Lauratu ta ɗora shuɗin yatsanta a wurin. Hajiya ta daɗe tana kallon layin nan, har sai da mai adaidaita ya danna ham.

To, abin da Lauratu ba ta tsaya ta tuna ba shi ne, gidan da ake ce wa gidan Hajiya ba na Hajiya ba ne. Gidan gado ne, su goma sha uku ke da shi, ba a raba ba tun rasuwar mahaifinsu. Ita dai aka bar wa zama da kula da 'yan haya, ƙaninta Baffa Ɗalha ya karɓi kuɗi ya rarraba. Ta kusa saba'in a duniya, ko ƙusa ba ta isa ta buga a bango ba sai wani ƙani ko ɗan ƙani ya ce da izinin wa. Yau ga wadda ta shigo mata da tabarma ɗaya da tukunya biyu tana nuna mata daga turke zuwa dalbejiya.

"Allah ya sa albarka," in ji Hajiya. Iyakarta ke nan. Ta miƙa takardar.

A hanyar dawowa farin ciki ya hana bakin Lauratu rufuwa.

"Malam Nata'ala ya ce bandir biyu na kwano zai rufe, na mai sauƙin kuɗi. Shi ne na ce Allah ya so ni, ai ina da ajiyata a wurinki, dubu tamanin ɗin nan. Ƙarshen wata hayata ta cika, in karɓa, a rufa kafin ruwa ya sauka."

Hajiya ta juyo.

"Au, da kuɗin ajiyar za a rufa?"

"Da su, Hajiya. Ba ni da ko sisi bayansu."

"To," in ji Hajiya, ta mayar da fuska titi.

Wannan ajiyar, ranar shigar Lauratu gidan aka yi ta. An ce mata tunda ba ta da namijin da zai tsaya mata, ga kuma aikin rini mai ɓata wuri, sai ta ajiye dubu tamanin ban da kuɗin haya. Ranar da za ta tashi, in ba ta yi ɓarna ba, a mayar mata da abinta. Daga ɗan abin da mijinta ya bari ta cire, ta durƙusa a ɗakin Hajiya ta miƙa mata hannu biyu. Ba takarda, ba shaida. Wa zai dubi sa'ar uwarsa ya ce rubuta mini?

Washegari ta yi ɗanwake ta aika, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Wai cikin Hajiya ba ya so. Ranar kitso ta zo da kibiya, ta tarar wata maƙwabciya ta riga ta zauna a kan Hajiya. Ta gaishe su, Hajiya ta ɗago ta ce:

"A'a, Hajiya mai gida ce! Ku ba ta kujera mana, mai takarda ba ta zaman ƙasa."

Matan tsakar gida suka yi dariya. Lauratu ma ta yi, don ta ɗauka wasa ne.

Saura kwana goma wata ya ƙare ta shiga ta durƙusa ta yi maganar kuɗin. Hajiya na jan carbi, sai da ta kai ƙarshensa.

"Ni ina na ga kuɗi? Ai harkar gida a hannun Ɗalha take."

Lauratu ta ɗauki mayafi ta tafi kasuwar Kurmi, rumfar da Baffa Ɗalha ke sayar da huluna. Ya bar ta a tsaye har ya gama ciniki da mutum biyu.

"Ni haya nake karɓa, Malama. Ajiya ke da Yaya kuka yi a ɗaki, ban gani ba. Ki koma wurinta."

Ta koma.

"To ai ba a ba da ajiya mutum na cikin ɗaki," in ji Hajiya. "Sai kin kwashe kayanki an duba. Haka ƙa'ida take ko'ina."

"Hajiya, in na kwashe ina zan shiga? Kin gani da idonki, sama a buɗe take. Ki ba ni ko da kwana uku ne kafin in tashi, a rufa, in ya so ki zo ki duba, abin da na ɓata in biya."

"Mai gida sukutum take tambayata inda za ta shiga? Ni da nake raɓe a gidan gado?"

"To ki bar ni in ƙara wata ɗaya."

"Ayya, da kin faɗa da wuri. Na riga na karɓi kuɗin wani, aure zai yi, amarya za ta tare."

Nan Lauratu ta ɗago kai. Ta dubi fuskar da ta shekara shida tana gani, ba ta ga fushi ba, ba ta ga faɗa ba. Hajiya dai ba ta kallon idonta ne kawai.

Ran ɗaya ga wata ta kira a-kori-kura ta loda kayanta. Ta share ɗakin, ta wanke daɓen, ta kai wa Hajiya mukulli. Aka ce ta dawo jibi, Ɗalha ba ya nan. Malam Nata'ala ya aro mata tamfol tsoho wurin masu sayar da kayan gwari, ya shimfiɗa a kan katako, ya danne da duwatsu. Bai kai ko'ina ba, kusurwar gabas a buɗe take.

"Wannan na rana ne, Malama, ba na ruwa ba," in ji shi. "Bulon ƙasa in ruwa ya shige shi ta kai, kamar sukari yake. Ki yi ƙoƙari."

Jibi ta zo, aka ce gata. Gata ta zo, aka ce Hajiya ta tafi barka. Kowane zuwa kuɗin mota biyu, kowace dawowa biyu. Marina da suka saba aiko mata da yadi har gida suka ce Bacirawa ta yi nisa, in tana so ta zo ta ɗauka. Ta riƙa zuwa, amma abin da ɗauri ke kawowa rabi a hanya yake ƙarewa. 'Yan matanta suka daina zuwa makaranta, don makarantar tana cikin gari. Da rana tamfol ya ɗauki zafi, ɗakin ya koma tanda, su fito su zauna a gindin dalbejiya da zare a hannu.

Sai wani abu ya same ta wanda ba ta san kanta da shi ba. Ta zama mai kallon rufin mutane. Tana cikin adaidaita idonta na sama. Ta ga kwano sabo yana ƙyalli a gidan wani, ta bi shi da kallo har su wuce. Ta ga an rufa wa awaki rumfa da kwano huɗu, ta ƙirga su, ta ce a ranta akuya ma ta fi ni. Maƙwabciyarta ta can, matar kirki da ke ba ta ruwan rijiya, ranar da aka sauke musu bandir uku don ƙarin ɗaki, Lauratu ta kasa fita ta ce Allah ya sa alheri. Ta zauna tana istigfari, tana jin kunyar kanta.

Ranar dubawa ta zo a kwana na tara. Baffa Ɗalha da takarda da biro, Hajiya da sanda, Lauratu a baya kamar mai laifi.

"Rubuta," in ji Hajiya. "Hayaƙi a bangon madafi."

"Hajiya, madafi ne fa. Shekara shida ana girki."

"Rubuta ramin ƙusa, ɗaya, biyu, ga na uku."

"Biyu na tarar da su."

"Rubuta daɓe ya tsage."

Lauratu ta dafe ƙirji. "Daɓen nan ai ni na yi shi! Ƙasa na tarar. Ke kika ce mini in sa siminti don yara, har kika sa mini albarka."

"To da kika yi, a gidan wa kika yi? Ya zama na gida. Kin fasa na gida."

Sannan suka zo bakin ƙofa, wurin da take dafawa in za ta miƙe daga aiki. Shuɗin baba ya ɗan kama bangon, bai fi tafin hannu biyu ba. Hajiya ta ɗora sanda a kai ta daɗe.

"Ka gani ko, Ɗalha? Da bangonmu aka yi arzikin. A nan aka tara, a can aka gina, mu aka bar mana dauɗar."

Baffa Ɗalha bai ɗago ba. Shi ba mugu ba ne irin na a-zo-a-gani, mutum ne da ba ya son abin da zai haɗa shi da Yayarsa, kuma ya san in kuɗin suka fito a fili, sauran magada za su tambayi me ya sa shekara shida ba su ji labarinsu ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Za a kira mai fenti ya yi lissafi. Abin da ya rage a ba ki."

"Yaushe, Baffa? Hadari ya fara haɗuwa."

"Ruwa na Allah ne, Malama."

Mako guda bayan nan ta dawo, ta tarar an yi wa ɗakin fenti ruwan ƙwai, an sa labule, dangin amarya na ta jere. Ta tsaya a tsakar gida tana leƙen ɗakin da ta yi jinyar 'ya'yanta a ciki, ga gado mai rumfa, ga kwanuka a jere cikin kabad, ga silin lafiya lau a sama. Yarinyar da ba ta san komai ba za ta shigo ta kwanta a inuwa. Lauratu ta kawar da kai.

"Gyara ya cinye," in ji Hajiya. "Har na cika daga aljihuna. Ni ban ce ki biya ni ba, saboda zaman tare."

A ranar Lauratu ta yi abin da ba ta taɓa zaton za ta yi ba, ta kai ƙara wurin mai unguwa. Dattijo ne mai son gaskiya. Ya taka har zauren gidan, aka shimfiɗa tabarma, Hajiya ta zauna daga bakin ƙofar ciki.

Ya ce, "Hajiya, ajiya amana ce, ba haya ba ce. Kuma tsufan ɗaki ba ɓarna ba ne. Hayaƙin girki da dushewar fenti, ai don su ake biyan haya. Ɓarna ita ce a karya ƙofa, a fasa taga. Ita ma sai a nuna wa mai ajiya, a faɗa mata nawa aka kashe, a ba ta sauran."

"Ai an karya," in ji Hajiya. "Ƙyauren ma sai da aka sake."

"Wallahi lafiya na bar shi!"

"Kin ji ko, Mai unguwa? Ni take ƙaryatawa. Yarinyar da na riƙa kamar 'yar cikina. Tun da ta yi gida ai ba ta ganin kowa da gashi."

Mai unguwa ya juya ga Lauratu. Akwai takardar ajiya? Babu. Wa ya ga an bayar? Babu kowa. Ranar da ta shiga, an rubuta yadda ɗakin yake? A'a. Ranar da ta fita, wani ya gani ban da masu gida? Shi ma a'a. Ya ce a kai shi ɗakin, aka kai shi, ya ga fenti sabo, ba abin da zai gane. Ya dawo ya zauna yana shafa gemu.

"'Yata, hanya ɗaya ta rage, kotu. Za a karɓi ƙararki, haƙƙinki ne. Amma ba takarda ba shaida, ƙarshenta rantsuwa ce, kuma ba yau ba, ba gobe ba. Kina iya tsayawa a sa Hajiya ta dafa Alƙur'ani a gabanki?"

Lauratu ta dubi tsohuwar. Ta tuna furfurar da take tsefewa. Ta ce a bar maganar kotu.

Da Lauratu za ta fita Hajiya ta ce, a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, "Mutum ya tsaya inda Allah ya ajiye shi mana. Gaggawar me kike?"

Lauratu ta nemi rance. Uwar adashi ta ce kwasarta sai bayan wata biyar. Marina suka haɗa mata dubu shida, Allah ya saka musu. Ta ɗauki keken ɗinkin da mijinta ya bar mata ta kai kasuwa, aka taya abin da ba zai sayi rabin bandir ba, ta sayar, kuɗin suka tafi a abinci da mota. Mai kwano ya ce ba ya ba da bashi, kuma ta sani kaya na tashi kowane mako.

Yayyafi na farko ya zo ya wuce, bango ya yi duhu daga sama, rana ta fito ya bushe. Na biyu ya bar tsaga a kusurwar gabas, yatsa na shiga. Malam Nata'ala ya zo ya cusa laka, ya girgiza kai.

Na uku ran Talata ne, bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta ɗaga tamfol da duwatsunsa ta yar a gonar wani. Lauratu ta tura yaran gidan maƙwabciya, ita ta tsaya tana jan katifa, tana kifa roba a kan buhun yadin mutane, don in ya jiƙe ita za ta biya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tana gani jan ruwa na gangarowa daga kan bango, yana bin jikinsa, yana taruwa a ƙafarta. Maƙwabciyar ce ta shigo da gudu ta fizgo ta waje.

"Ke Laure, fito! Kina so ki mayar da su marayu gaba ɗaya?"

Ba su kai bakin dalbejiya ba suka ji rugum. Bangon gabas ya kwanta ciki, ya ja rabin na kudu, katako ya rufta a kai. Lauratu ta tsaya a cikin ruwa da buhun yadi a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Adashin shekara nawa ne ke bin kwata, ita kaɗai ta sani.

Labari ba ya wuyar shiga gari. Ran Alhamis da hantsi sai ga adaidaita ta tsaya. Hajiya Husaina ce, da sabon mayafi, da kwanon tuwo a ɗaure, da mata biyu na rakiya. Ɗaya maƙwabciyar da ta karɓi kitso, ɗaya Nana Hauwa, uwargidan mai unguwa, wadda Hajiya ta biya wa musamman, don a ga ita ba ta riƙe kowa a rai ba. Malam Nata'ala na gefe yana tsamo katakon da bai karye ba.

Rabon da Lauratu ta ga fuskar Hajiya a sake haka tun kafin zuwansu na farko. Ta zagaya ɓaraguzan da sandarta, tana salati, tana taɓawa.

"Ayya Laure! Ayya 'yata! Duk ya tafi? Har wannan ɓangaren? Kai, duniya. Sannu. Ci tuwo, da man shanu na sa a yi miki."

Ta zauna a kan turmi, ta jawo hannun Lauratu ta riƙe, irin riƙon da.

"Ni dama raina bai kwanta da wurin nan ba. Mace ita kaɗai a daji? Ki tattara ki dawo gida. Mai ɗakin kusa da rijiya ya fita jiya, na hana kowa. Ki sayar da filin nan ki huta. Kuma ba sai kin sake wata ajiya ba, taki tana nan a ƙasan adakata yadda kika ba ni, ko naira ban taɓa ba."

Malam Nata'ala ya ajiye katakon da ke hannunsa. Mai kitso ta sunkuyar da kai. Hajiya ba ta lura ba, daɗi ya ɗebe ta, tana ta buɗe kwanon tuwo.

Lauratu ta zare hannunta a hankali.

"Tana nan, Hajiya?"

"Me?"

"Ajiyar. Wadda gyara ya cinye."

Murfin kwanon ya tsaya a hannun Hajiya.

"Ai, nufina..."

"Mun ji nufinki, Hajiya," in ji Nana Hauwa, tana gyara mayafi. "Mai unguwa ya kwana biyu yana juya maganar nan, yana cewa ba shaida. To yau ga mu uku, har da namiji."

Hajiya ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sai ta miƙe.

"To me aka yi? Na riƙe! Shekara shida tana cin arzikin gidanmu, ta tashi ta kai ni tana nuna mini takarda! Ni da aka haifa a cikin badala, ubana mai gida, kakana mai gida, ban da inda zan ce nawa, sai mai ɗaurin tsumma?"

Lauratu ta dube ta, ta ga tsohuwa ce kawai a tsaye cikin laka da sabon mayafi. Ta rufe kwanon tuwon, ta ɗaure, ta miƙa wa mai kitso.

"Ku gaida gida. Ba zan dawo ba, Hajiya."

Washegari bayan Juma'a Baffa Ɗalha ya kawo kuɗin zauren mai unguwa, a cikin ƙullin da Lauratu ta gane, ɗan ƙyallen shuɗi nata. Dubu tamanin cif. Ya ce a yi haƙuri, tsufa ne. Ba wanda ya yi maganar bango, ba wanda ya yi maganar keken ɗinki, ko makarantar yara ta wata guda. An ba ta abinta, sai aka ce magana ta ƙare, a yi fatiha.

Ta kai wa Malam Nata'ala. Ya zauna a ƙasa ya yi ta zane da tsinke.

"Malama, da watan jiya ne, da yanzu kina cikin inuwa. Yau kwano ya tashi, ga bango biyu. Kuɗin nan ba za su yi duka ba. Sai dai in jawo bangon ciki, in rage ɗakin, yadda bandir ɗaya zai rufe."

"Nawa za a rage?"

Ya tashi ya taka. Taku huɗu.

"Rage," in ji ta.

Haka aka yi. Ɗakin da aka auna don gado biyu da wurin aiki ya koma na katifa ɗaya, su uku a kai, buhun yadi a rataye. Tsohon tushen yana nan a waje, yara na zama a kai. Taku huɗun nan ba ruwa ne ya ci su ba, ba kuma talauci ba. Kuɗinta ne, nata na kanta, suna kwance a ƙasan adaka kwana arba'in bayan ta nema, a hannun wadda ba ta buƙace su ba, ba ta kuma kashe ba. Ba ta so kuɗin ba, rufin ne ba ta so a yi.

Irin su Lauratu suna da yawa a lungunan nan, masu miƙa kuɗi hannu biyu su ji kunyar cewa a rubuta. Ku da kuke shiga haya, 'ya'yana, ku kira mutum biyu su gani, a rubuta nawa ne, a rubuta yadda ɗaki yake. Wanda zai ji haushi don kun nemi takarda, dama akwai abin da yake shirin yi.

Ita kuwa Hajiya Husaina tana nan a Mandawari, an ba wani ɗakin kusa da rijiya. Ba ta sake taka Bacirawa ba. Amma duk wanda ta ji ya fito daga wajen, ko mai kai yadi ne, sai ta sa an kira mata shi, ta ba shi ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta rage murya.

"An ce ta rufa ko?"

A ce mata ta rufa.

Sai ta ja carbi ɗaya, biyu.

"Amma an ce ɗan ƙanƙani ne. Da gaske ƙanƙani ne?"